Yajin Aikin Hadiman Kwamfuta a Ƙauran Namoda

Kowace kwamfuta mai aiki da manhajar Windows tana ɗauke da wani kundi da ake kira rajista, wato ma'ajiyar da babbar manhajar take rubuta duk abin da ta sani game da kanta, tun daga sunan firintar da aka jona mata har zuwa jerin ayyukan da za su tashi da zarar an kunna ta, kuma mafi yawan masu amfani da kwamfuta sukan rayu har su tsufa ba su taɓa buɗe wannan kundi ba, abin da yake alheri ne gare su da kuma kwamfutocinsu. Kamfanin Microsoft ya fara shigar da rajista a Windows 3.1 a 1992 a matsayin ɗan ƙaramin littafi, sannan ya faɗaɗa ta a Windows NT a 1993 da kuma Windows 95, har ta zama matattarar bayanan da a da suke warwatse cikin ƙananan fayiloli barkatai. Hikimar tattarawar a fili take, haka ma illarta, domin magidancin da ya zuba hatsin shekara a rumbu ɗaya ya huta da yawon neman dami, amma ya sauƙaƙa wa gara aikinta.

A faifan ajiya, rajista tana zaune ne cikin fayiloli 'yan kaɗan, waɗanda masana suke kiran kowannensu da wata kalmar Turanci mai ma'anar amya, wato gidan ƙudan zuma. Raymond Chen, daɗaɗɗen ma'aikacin Microsoft, ya ruwaito cewa sunan ya samo asali ne daga tsokana, domin ɗaya daga cikin waɗanda suka gina Windows NT ya tsani ƙudan zuma, shi kuwa abokin aikinsa mai kula da rajista sai ya yi ta cusa sunayen zuma a ko'ina don ya ba shi haushi. Ko da ba a yi nufin haka ba, sunan ya dace, tunda duk mai hankali ya san abin da yake samun wanda ya zura hannu cikin amya da rana tsaka ba hayaƙi. Amyar da ta shafi wannan nazari ita ce mai suna SYSTEM, domin a cikinta ne ake ajiye sunayen hadimai.

Hadimi, a wannan fage, ƙaramar manhaja ce da take aiki a bayan fage ba tare da ta buɗe taga a fuskar kwamfuta ba, kamar barorin gidan sarauta waɗanda baƙo ba ya ganin su, sai dai ya tarar an share zaure an shimfiɗa darduma. Akwai hadimin sauti, akwai mai neman adireshi idan an shiga intanet, akwai kuma hadimin firinta, wanda aikinsa shi ne karɓar duk takardar da aka tura bugu, ya ajiye ta a wata jaka, ya jera ta a layi, ya miƙa wa firinta idan ta shirya. A kansu duka akwai wani babba da za a iya kira sarkin gida, wanda yake buɗe amyar SYSTEM a kowace kunnawa ya karanta sunaye, kuma a gaban kowane suna akwai lamba ɗaya da take bayyana matsayin mai shi: 0 da 1 na waɗanda suke tashi tun kafin asalatu ne, galibinsu direbobi, wato manhajojin da suke sarrafa sassan ƙarfen na'urar, 2 na masu tashi da kansu ne, 3 na masu jira sai an kira su, 4 kuwa na wanda aka dakatar ne, wanda ko sarki ne ya aika ba zai fito ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne tsarin barantaka, domin yawancin hadimai suna da iyayen gida da aka rubuta musu, kuma ƙa'ida ce cewa bara ba ya tashi sai ubangidansa ya riga shi. Idan ubangida ya ƙi fitowa, sai kwamfuta ta nuna kuskure mai lamba 1068. Idan kuwa an goge sunansa daga kundin gaba ɗaya, lambar da take fitowa 1075 ce. Ana roƙon mai karatu ya riƙe bambancin lambobin nan biyu, domin rashin riƙe shi ya ci wa wani mutum kuɗin mota zuwa garuruwa biyu.

Mutumin da ake nufi mai shagon buga takardu ne a Ƙauran Namoda, garin da ya ɗauki sunan Namoda, jarumin Alibawa wanda ya halarci yaƙin Alkalawa a 1808, kuma garin da layin dogon da ya taso daga Zariya ya biyo ta Funtuwa da Gusau ya tuƙe a cikinsa a 1929. Gaskiyar ilimi ta tilasta a bayyana cewa mai shagon nan shi ne kuma mai wannan rubutu, sai dai ladabin nazari ya hana marubuci ambaton kansa, kuma a wannan karon ladabin ya zo daidai da buƙatar mai shi. Cinikinsa ya dogara ne a kan ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Gwamnatin Tarayya, wadda aka kafa a garin a 1983, kuma kowa yake kiran ta Foli, musamman a lokacin da suke rubuta kundin kammala karatu da suke kira furojet. Jarinsa bai wuce firinta ɗaya da janareto da wata kwamfutar tebur ta gwanjo mai ɗauke da Windows 7 ba, manhajar da ta fito a 2009, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun 14 ga Janairun 2020, amma ba wanda ya sanar da kwamfutar, don haka ta ci gaba da aikinta cikin rufin asiri.

Al'amarin ya faro ne a farkon watan Satumban 2021, 'yan kwanaki bayan hukumomi sun katse layukan waya da intanet a faɗin jihar Zamfara a ƙoƙarin murƙushe 'yan bindiga, matakin da aka ce da farko na mako biyu ne, amma ya kai kusan ƙarshen Nuwamba a sauran yankuna banda Gusau, kuma ya zo tare da rufe kasuwannin mako-mako da hana sayar da fetur a jarka. Wajibi ne a faɗa cewa a cikin abubuwan da mutanen Ƙaura da Shinkafi da Zurmi suka gani a watannin nan, matsalar firinta ita ce mafi ƙanƙanta, kuma mai shagon ya san haka, shi ya sa bai taɓa kai kukansa majalisar da ake jajanta wa waɗanda aka kora daga gonakinsu ba. Amma katsewar tana da muhimmanci ga nazarin, domin ta raba shi da malamin da ya saba yi wa tambaya a ɓoye, ta bar shi da iliminsa na kansa, wanda a ranar ne aka fara auna shi.

Wani maƙwabci ne ya kawo aikin katin gayyatar ɗaurin auren 'yarsa, kwafi hamsin. Mai shagon ya tsara kati, ya danna bugu, firinta ba ta motsa ba; ya sake dannawa, ya kuma sakewa, bisa wata aƙida da ta yaɗu a tsakanin masu kwamfuta cewa na'ura tana jin magiya idan an nace, har sai da ya danna sau goma sha ɗaya. Daga nan ya yanke hukuncin cewa kwamfutar ta yi datti, ya ɗauko fulash ɗin da wani abokinsa ya taɓa ba shi, wanda yake ɗauke da wata manhajar share rajista da ba za a ambaci sunanta ba. Irin waɗannan manhajoji sukan leƙa kundin su fito da dogon jeri da jan rubutu na abin da suke kira kurakurai, alhali mafi yawansu ragowar bayanan tsofaffin manhajoji ne da ba sa cutar da kowa, kamar sunan wanda ya tashi daga unguwa da ya rage a littafin mai unguwa, kuma Microsoft da kansa ya bayyana cewa ba ya goyon bayan amfani da su. Manhajar ta tambaye shi ko yana so ta ajiye kwafin rajistar kafin ta fara, ya ce a'a, domin maƙwabci yana tsaye yana kallo, kuma gwani ba ya jinkiri a gaban mai kaya. Ta kuma yi masa tayin dakatar da hadiman da ta ce zaman banza suke yi don kwamfutar ta ƙara gudu, ya amince da wannan ma, da irin ƙarfin zuciyar sabon hakimin da ya kori barorin da ya gada ba tare da ya tambayi wanda yake riƙe da makullin rijiya ba.

Da aka sake kunna kwamfutar, firintar da a da take ƙin aiki kawai sai ta ɓace daga jerin na'urori baki ɗaya, sautin waƙoƙin Narambaɗa da ya saba tashi a shagon tun safe shi ma ya ɗauke. Bahaushe ya tanadi suna ga irin wannan aiki tun kafin a ƙera kwamfuta, wato gyaran gangar Auzinawa. Mai shagon ya shaida wa maƙwabcin cewa ɗauke wutar da aka yi da daddare ce ta taɓa na'urar, bayanin da kowa a ƙasar nan yake karɓa ba gardama, ko da yake a wannan karon zalunci ne, domin kowace amya tana da fayilolin rakiya da ake fara rubuta canji a cikinsu don a iya gyara ta idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, kuma a daren da ake magana ba a kawo wutar ba balle a ɗauke.

Da ragowar abin da ya koya a wani kwas na wata uku, ya buɗe jerin hadimai, ya gano hadimin firinta yana kwance, ya danna masa umarnin tashi, sai ga lamba 1068. Wani malamin makarantar allo da yake zama a bencin ƙofar shagon ya leƙo ya duba, ya yi lissafi da yatsu, ya ce idan shekarar hijira ce to ta yi daidai da 1657 zuwa 1658, zamanin da ko Alkalawa ba a gina ba, don haka matsalar tsohuwa ce kuma sai an yi haƙuri. A cikin duk fatawoyin da aka bayar a kan wannan kwamfuta, wannan ce kaɗai wadda ba ta ƙara lalata komai ba. A ranar ce kuma 'yar yayarsa, ɗalibar ajin farko a sashen ilimin kwamfuta na Foli, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kawu, mi kat taɓa mata?" Ya amsa da cewa aikin manya ne, ta je ta gaishe da mamarta.

Windows 7 tana da ƙofofin tuba ga mai irin wannan laifi, kuma abin sha'awa ga mai nazari shi ne yadda mutum ɗaya ya iya rufe su duka ba da niyya ba. Wadda ta fi sauƙi ita ce danna maɓallin F8 a lokacin kunnawa, a zaɓi komawa ga tsari na ƙarshe da aka san yana da lafiya, domin kwamfutar tana ajiye kwafi na biyu na sashen hadimai don irin wannan rana. Sai dai ma'aunin lafiya a wurinta ba shi da zurfi: da zarar ta tashi kuma mai ita ya shiga da sunansa, sai ta ɗauka komai ya yi daidai, ta shafe tsohon kwafin ta maye gurbinsa da na yanzu. Mai shagon kuwa ya kashe ya kunna ya shiga har sau shida kafin ya tuna da F8, saboda haka lokacin da ya nemi tsari mai lafiya, sai aka miƙo masa ɓarnarsa da hatimin lafiya a goshinta. Tsarin mayar da kwamfuta baya, wanda ya zo tun Windows Me a 2000, shi da hannunsa ya kashe shi shekarar da ta gabata don ya samu wurin ajiye finafinai. Akwai kuma wata jaka mai suna RegBack, inda Windows 7 take ajiye kwafin amyoyin duk bayan kwana goma, dabarar da aka daina daga fitowar Windows 10 ta 2018, kuma da ya san da ita da ya tabbatar da cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma bai sani ba, kuma kafin wani ya gaya masa kwana goman sun zagayo, sabuwar zuma mai ɗaci ta hau kan tsohuwar.

Duk wannan bincike a kan janareto aka yi shi, kuma tunda an hana jarka, sai mai shagon da yaronsa su ɗora janareton a baro su tura shi gidan mai kamar mara lafiya, a ɗura masa a baki, su turo shi gida, ya ƙone man a kan kallon lamba 1068.

A mako na biyu ya tuna da wani injiniya da yake zuwa Shinkafi ranar kasuwa, wanda aka ce ba kwamfutar da ta taɓa gagarar sa. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis tana cikin manyan kasuwannin wannan yanki, wadda fatake suke zuwa har daga Nijar, don haka ya naɗe kwamfutar da zanen matarsa, ya sa ta a buhu, ya shiga mota ranar Alhamis da sassafe ya bi hanyar Moriki, yana rungume da ita a cinya, kowa a motar yana addu'a a zuci saboda halin da hanyar take ciki, shi kuwa yana haɗawa da ta kwamfuta. A kowane shingen bincike sai an tambayi abin da yake cikin buhun, kuma ya gano cewa amsar "kwamfuta ce ba ta da lafiya" tana tsawaita bincike maimakon ta gajarta shi. Sai da ya sauka ya ga rumfuna wayam sannan ya tuna abin da kowane yaro a jihar ya sani, wato kasuwannin mako a rufe suke, kuma injiniyan da yake zuwa don kasuwa ba shi da dalilin zuwa, ba kuma waya balle a kira shi.

Wanda ya samu a madadinsa mai gyaran wayar hannu ne, wanda katsewar layi ta bar shi ba aiki, saboda haka ya karɓi kwamfutar da murnar da likita yake karɓar mara lafiya na farko a sabon asibiti. Ya kwance ta, ya hure ƙurar cikinta, ya canza ƙaramin batirin da yake riƙe agogo, ya jona ta da allon wani maƙwabcinsa, ya daɗe yana kallon lambar, sannan ya ce, "Alhaji, wagga cuta bairos ta, sai fomat." Fomat shi ne shafe faifan gaba ɗaya a sake zuba manhaja, kuma shi ne maganin da ake rubuta wa kowace cuta a irin waɗannan rumfuna, kamar yadda wasu masu kemis suke rubuta allurar zazzaɓi ga wanda ya zo da targaɗe. Mai shagon, wanda bai taɓa zuwa Makka ba amma bai ƙi laƙabin ba, ya ƙi fomat, domin furojet ɗin ɗalibai tara suna cikin faifan, kuma direban firintar daga intanet aka sauke shi, intanet ɗin da yanzu sai an bar jihar ake samun sa. A nan ya kamata a yi masa adalci, wannan ne hukunci ɗaya mai kyau da ya yanke a watan. Don kada tafiyar ta tashi a banza, mai gyaran ya lalubo hadiman sauti a jeri ya mayar da su lamba 2, muryar Narambaɗa ta cika rumfar, 'yan kallo suka yi tafi, aka biya kuɗin aiki, mai shagon ya koma Ƙaura da rediyo mafi nauyi a arewacin Zamfara.

Bayan kwana biyu ya yi wani bincike da ya kusa zama ilimi. Ya buɗe shafin da yake nuna iyayen gidan hadimin firinta, ya ga su biyu ne: RPC, wato ɗan aiken da yake kai saƙo tsakanin manhajoji, da kuma HTTP, mai kula da irin zancen da ake yi da shafukan intanet, wanda aka haɗa shi da firinta saboda firintocin da ake aika wa aiki daga nesa. Ya duba jeri ya ga na farko yana tsaye a bakin aikinsa, ya nemi na biyu daga sama har ƙasa bai gan shi ba, sai ya tabbatar wa kansa cewa manhajar shara ta share shi. Abin da bai sani ba shi ne HTTP direba ne, kuma direbobi ba sa fitowa a wannan jeri ko suna lafiya, kamar yadda ba a ganin matan gida a zaure amma ba a cewa gidan ba mata. Da an goge shi, da 1075 ya gani. Amma mutumin da ya gina nazariyya da kansa ba ya son lambar da za ta rushe ta, don haka ya yanke shawarar zuwa aron hadimi.

A Zurmi, garin da yake kan hanyar da ta nufi Jibiya, yana da taubashi malamin makaranta mai laftof ɗin da ita ma Windows 7 ce a kanta. Taubashin ya saurari labarin tun daga farko, ya sa aka maimaita masa wurin da aka ce a'a ga ajiye kwafi, ya kira matarsa ta zo ta ji, sannan ya tuna wa baƙon kuɗin sharar da yake bin sa tun watan Cika-ciki, yana mai cewa tunda yanzu ya ga irin sharar da ɗan'uwansa ya iya, to a biya shi nasa kafin tsintsiyar ta iso gidansa. Sai da aka biya sannan aka buɗe laftof. Manhajar gyaran rajista tana ba da damar a kwafe kowane reshe na kundin a fayil guda a kai wata kwamfutar, kuma da mai shagon ya kwafi reshen HTTP kaɗai, da lambar da take gabansa ta gyaru a Ƙaura ba tare da ya san dalili ba, da kuma har yau yana ba da labarin gwanintarsa. Sai ya yi tunanin cewa wanda ya sha wahalar hanya bai kamata ya koma da hadimi ɗaya ba alhali ga gari guda, ya kwashe reshen hadimai gaba ɗaya, ɗaruruwansu, ya zuba a fulash.

Sakamakon wannan dashe yana da bayani mai sauƙi. Kwamfutoci suna magana da faifan ajiyarsu ta hanyoyi daban-daban, kowace hanya da direbanta, kuma Windows tana ba direban da take buƙata lamba 0 don ya tashi kafin kowa, ta bar sauran a lamba 3. Direban da yake lamba 0 a kwamfutar Ƙaura yana lamba 3 a laftof ɗin Zurmi, saboda haka da aka zuba kundin Zurmi aka sake kunnawa, sai kwamfutar ta farka ta nemi faifan da ita kanta take zaune a kai ta rasa mai kai ta, ta yi shuɗin allo mai ɗauke da lambar da ta ƙare da 7B, ta mutu, ta sake tashi, ta sake mutuwa, ga furojet tara a cikinta, ga masu su suna zuwa kullum da yamma suna gaisuwa irin wadda ba ta neman lafiya ba ce. Garin neman gira an rasa ido. A nan ne F8 ta yi ranarta, domin a wannan karon kwamfutar ba ta kai inda zai shiga da sunansa ya lalata kwafin ba, kuma da ya zaɓi tsari na ƙarshe mai lafiya sai ta mayar da shi daidai inda yake kafin tafiya Zurmi. Shaidu sun tabbatar da cewa da lamba 1068 ta sake bayyana, mai shagon ya yi hamdala da ƙarfi har malamin benci ya zaci an gyara.

'Yar yayar tasa ta dawo ne a mako na huɗu, ba don taimako ba, sai don tana da aikin makaranta da take so a buga mata kyauta. A wannan karon bai ce aikin manya ba ne, ya dai tashi daga kujera kamar zai miƙe ƙafa, ya tsaya a bayanta. Ta buɗe wani wuri da bai taɓa shiga ba, wato littafin aukuwa, inda kwamfuta take rubuta duk abin da ya same ta da rana da sa'a, ta nuna masa shigarwa mai lamba 7001 da sarkin gida ya rubuta, wadda take cewa hadimin firinta ya dogara da HTTP, shi kuwa ya kasa tashi domin an dakatar da shi. Shigarwar tana nan tun ranar farko, kuma an maimaita ta a kowace kunnawa, da haƙurin magatakardan da yake rubuta ƙara ɗaya kullum ba wanda ya zo karantawa. Ta buɗe amyar SYSTEM, ta fara ajiye kwafin reshen tana kallon kawunta ta gefen ido, ta gangara zuwa HTTP, wanda yake zaune lafiya a wurinsa bai taɓa zuwa ko'ina ba, ta goge 4 ta rubuta 3. Aikin bai kai tsawon lokacin da ake ɗauka wajen tura janareto zuwa bakin titi ba.

Firinta ta dawo cikin jeri, amma da alamar cewa ba a jone take ba. Yarinyar ta bi wayar da hannu daga bayan kwamfutar, inda mai shagon ya cire ya mayar da ita da kulawa bayan kowace tafiya, har zuwa ɗaya bakin, wanda ta tarar yana kwance a ƙasa bayan tebur cikin yanar gizo-gizo. Yaron shago ya amsa, bayan an yi masa alkawarin ba za a taɓa shi ba, cewa tsintsiyarsa ce ta fizge ta da safen ranar da aka kawo katin aure, kuma ya so ya faɗa, amma ya ga maigida ya riga ya gano cewa matsalar daga rajista take.

Ta soka wayar a mazauninta. Hadimin firinta, da yake bara ne mai amana, ya koma jakarsa ya tarar da ayyukan da aka damƙa masa kafin a kwantar da shi, waɗanda su kaɗai ne manhajar shara ba ta taɓa ba, wato umarni goma sha ɗaya na kwafi hamsin-hamsin, ya fara miƙa su bi da bi. Mai shagon ya riga ya cika firintar da sabuwar takarda don murnar gyara, kuma a lokacin ya fita karɓar barka daga malamin benci, yaron shago kuwa, da yake yana neman wanke laifinsa, duk lokacin da takarda ta ƙare sai ya ƙara wata, har rim ɗin mai takarda 500 ya kusa ƙarewa. Auren da ake gayyatar jama'a zuwa gare shi an ɗaura shi mako biyu da suka wuce, da sanarwar baki a masallaci, amarya ta tare, har an fara mayar da kwanukan aro. An aika wa maƙwabcin hamsin ɗinsa, ya dawo da su da saƙon cewa a ajiye masa zuwa suna, a gyara kwanan wata da biro. A bayan sauran ne aka rubuta daftarin wannan nazari, kuma har yanzu akwai ragowar da za ta isa juzu'i na biyu.